Zo mu zauna, zo mu saɓa: rikicin kifayen teku a tankin killacewa

Annobar korona ta shekarar 2020 ta sa kalmar killacewa ta shiga bakin kowa, har da yaran da ba su kai makaranta ba. Dabarar kuwa tsohuwa ce. Tun a 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrobnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa dokar tsare matafiyan da suka fito daga garuruwan annoba na kwana 30 kafin a bar su su shiga cikin jama'a. A wannan makon ina so mu dubi killacewa a wani fagen da ba kasafai ake tuna shi ba, wato fagen masu kiwon kifayen ado na ruwan gishiri a tankin gilashi. Abin da nake son tabbatarwa ɗaya ne: duk wanda ya killace dabba domin kare lafiyarta, ya ɗauki alhakin zaman lafiyarta a ɗakin da ya kulle ta, domin magani ba ya cin jikin da ake duka dare da rana.

Mu fara da inda kifayen ke fitowa. Mafi yawan kifayen ado na teku kamo su ake yi daga tsaunukan murjani, musamman na Filifin da Indunusiya. Binciken da Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna cewa a cikin shekara ɗaya kacal Amurka ta shigo da irin waɗannan kifaye kusan miliyan 11, masu nau'i fiye da 1,800. Kowane ɗayansu ya bi ta hannun masunci, da dillali, da jirgin sama, a ƙulle cikin leda mai ɗan ruwa da iska. Kafin ya isa gidan mai saye ya galabaita, kuma sau da yawa yana ɗauke da cuta. Wadda ta fi shahara ita ce cutar fararen ɗigo, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Takan yi kwana 3 zuwa 7 a jikin kifi, sannan ta faɗa ƙasan tanki ta naɗe kanta cikin ƙwanso, daga bisani ta fashe ta saki ɗaruruwan 'ya'ya masu neman sabon masauki. Shi ya sa ake ajiye baƙon kifi shi kaɗai a wani tanki na mako 4 zuwa 6 kafin a haɗa shi da na gida.

Matsalar tana cikin yanayin wannan tanki. Maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande, kuma duwatsun teku suna tsotse shi har awonsa ya rikice. Saboda haka akan bar tankin killacewa fayau, babu yashi babu dutse. Ga shi ƙarami, ga shi babu maɓoya. A teku, idan faɗa ya kaure tsakanin kifi biyu, wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya bar yankin, magana ta mutu. A cikin gilashi mai lita 75 babu wurin gudu. Wanda ya yi nasara kullum yana ganin abokin gaba a gabansa, sai ya ɗauka bai sallama ba, ya ci gaba da bugunsa.

Ba mugunta ce ke sa kifi wannan hali ba, tsarin rayuwarsa ne. Ɗauki kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da shi duniya. Sunansa na Turanci yana nufin ɗan kama, mu ma sai mu kira shi haka. Rukuninsu na da sarauta mai tsauri: mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuwa 'yan jiran gado ne. Idan macen ta mutu, mijin ya rikiɗe ya zama mace, na bayansa ya hau matsayinsa. Peter Buston, wanda ya yi nazarinsu a tekun Fafuwa Niyu Gini, ya nuna a 2003 cewa kowane ɗaya yana taƙaita girmansa ya tsaya a kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke samansa, don kada a ɗauke shi ɗan takara a kore shi. Darasin a fili yake. Wanda ya sayi 'yan kama biyu masu girma ɗaya ya naɗa sarki biyu a gari ɗaya. Wanda ya zaɓi babba da ƙarami kuwa ya raba gardama tun a shago.

Akwai kuma wanda Turawa suka laƙaba wa sunan likitan fiɗa, ni kuwa na fi ganin wanzami ya dace da shi, domin a gindin wutsiyarsa yana da ƙaya mai kaifin aska a kowane gefe. Ciyawar teku yake kiwo, don haka yakan tsare makiyayarsa, kuma ya fi tsanar duk wanda ya yi kama da shi a siffa ko launi. Bugu ɗaya da wannan aska ya isa ya tsaga gefen abokin zama.

Me ya sa wannan faɗa ya zama batun lafiya? Kifin da ake kora ba dare ba rana jikinsa na zubo sinadarin firgici mai suna kotisol, wanda idan ya daɗe yakan raunana garkuwar jiki. Yauƙin da ke lulluɓe fatarsa, wanda shi ne katangarsa ta farko, yakan goge. Fika-fikan da aka yayyaga sukan zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Ya daina fitowa cin abinci, alhali shi kansa maganin jan ƙarfe yana rage sha'awar ci. Abincin da ya bari ya ruɓe ya zama amoniya, wadda gubarta ta fi tsanani a ruwan teku fiye da a yawancin ruwan daɗi. A ƙarshe kifi ya mutu, mai shi ya ɗora laifin a kan cuta ko a kan mai shago. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga mai lura. 'Yar tsama ta yini ɗaya ko biyu, inda ake buɗe fika-fikai ana nuna isa, abu ne da aka saba. Amma idan ka ga kifi ya maƙale a kusurwar sama kusa da bakin ruwa, launinsa ya dushe, numfashinsa ya yi sauri, ko ya kwana biyu bai ci ba, to lokacin jira ya wuce.

Ga abin da nake ganin ya wajaba, bisa tsarin muhimmanci. Na farko, a rage kwaɗayi a shago: kifi ɗaya ko biyu a kowane zango, kuma kada a haɗa masu kama da juna. Na biyu, a zuba gutsattsarin bututun roba irin na famfo, masu faɗi daban-daban, yawansu ya zarce yawan kifayen, a jera su yadda za su tare gani tsakanin kusurwa da kusurwa. Roba ba ta tsotse magani, wanke ta kuma ba wuya. Na uku, idan dole ne a haɗa su, a saka su lokaci guda, fitila a kashe, domin wanda ya riga shiga da kwana uku ya riga ya ɗauki kansa mai gida. Na huɗu, a ba da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a wurare biyu masu nisa da juna. Na biyar, a rufe tankin, domin kifin da aka matsa wa yakan yi tsalle ya faɗo ƙasa.

Wasu kan jingina madubi a jikin gilashi don mai faɗan ya shagala da inuwarsa. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma dabarar takan sayi kwana ɗaya ko biyu, amma shi ma mai faɗan tana gajiyar da shi. Abin dogaro shi ne shinge: allon roba mai ramuka da zai raba tankin biyu, ruwa na wucewa, kifi ba ya wucewa. Idan za a tsare ɗaya a ƙaramin akwati, azzalumin ya kamata a tsare, a bar wanda aka zalunta ya sake ya ci abinci. Idan duk wannan ya faskara, sai tanki na biyu, ko da babban bokitin roba ne mai tsabta da na'urar hura iska.

Na san za a ce wannan ɗawainiya ta yi yawa, tanki biyu da ninkin gishiri da wutar lantarki, duk don kifin da bai kai tafin hannu ba. Amsata ita ce, duk wanda ya iya kuɗin sayen kifin da aka ɗauko daga wata nahiya, ya iya kuɗin allon roba. Masu kiwon tarwaɗa a ƙasar nan sun riga sun san wannan lissafi. Idan ba su riƙa tantance 'ya'yan kifi bisa girma ba, manyan su cinye ƙananan, riba ta tafi. Ba wanda ke kiran wannan tantancewa almubazzaranci.

Kifin da ke cikin gilashi bai zaɓi maƙwabcinsa ba, bai zaɓi faɗin ɗakinsa ba, ba shi kuma da bakin kai ƙara. Mai shi ne ya zaɓa masa duka. Saboda haka kafin a biya kuɗin kifi na biyu, a tabbata shinge da bututu suna nan a gida, kuma an san inda za a kai shi idan zaman ya ƙi.