Na'ura ba ta ganin abin da ba a rubuta ba

A ƙarƙashin titunan birnin Tawa akwai wata dukiyar ƙasa wadda ido ba ya gani: bututun ruwa, wayoyin sadarwa da na lantarki. A wannan yanki na Adar, inda ake janyo ruwan sha daga rijiyoyi masu zurfin ɗaruruwan mitoci, magini ɗaya da ya sari bututu da diga yana iya hana unguwa guda ruwa a tsakiyar bazara.

Domin maganin irin wannan ɓarna ne masanan jami'ar fasaha ta birnin Graz, a ƙasar Ostiriya, suka gwada wata dabara wajen shekarar 2008, cikin shirin da suka kira Vidente. Ma'aikaci yana ɗaga wata 'yar na'ura ta hannu mai kyamara, ya auna titi. Tauraron ɗan'adam ya nuna inda yake tsaye, sai hoton bututu ya fito a kan hoton titin, kamar an yaye ƙasa. A yau wayar salula ma tana iya wannan aiki.

Amma ya kamata a gane cewa na'urar ba ta ratsa ƙasa da gani. Abin da aka zana a taswira shi kaɗai take nunawa. Idan taswira ta yi kuskuren mita biyu, a nan diga za ta sauka. Shi ya sa Faransa, bayan fashewar bututun gas a garuruwan Bondy a 2007 da Lyon a 2008, ta kafa doka a 2012 wadda ta tilasta wa mai haƙa ya yi tambaya tukuna, ta kuma nemi a san mazaunin bututu da kuskuren da bai wuce santimita 40 ba.

A nan aikin Tawa yake. Ruwan birane ya sha canza hannu: daga NIGELEC zuwa SNE a 1987, zuwa SPEN da SEEN a 2001, sannan NDE ta gaji SEEN a 2024. Ayyukan Tawa Sakola na 2017 kuma sun shimfiɗa sabuwar kwalta a birni. Duk sanin da ya tsaya a kan tsohon ma'aikaci, ranar da ya bar aiki ya tafi da shi.

Saboda haka, kafin a yi zancen sayen na'ura, wajibi ne kamfanonin ruwa, lantarki da sadarwa su haɗa taswira ɗaya tare da ma'aikatar magajin gari, kada kuma a rufe rami sai an auna abin da aka binne. Ɗaliban jami'ar Tawa suna iya ba da hannu. A garuruwan arewacin Adar irin su Barmu da Kalfu aikin ya fi sauƙi, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.