Maganin Da Ya Kamata Ya Tarbi Majiyyaci A Hanya

Idan haɗarin mota ya auku a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko jini ya ɓalle wa mai jego a ƙauyen da ke nesa da gari, abu na farko da jama'a kan yi shi ne neman mota. A kinkimi majiyyaci a saka, direba ya ba ta wuta, 'yan'uwa na ta salati har a isa asibiti. Sau da yawa abin da likita kan tarar shi ne gawa, ko mutumin da ya riga ya yi nisa. Sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kowane mai rai da ajalinsa, amma ilimin halittu ya nuna cewa tsakanin faɗuwar mutum da isarsa asibiti akwai wasu mintoci masu tsada, kuma akwai magungunan da jaka ɗaya ta isa ta ɗauke su, waɗanda amfaninsu ya rataya a kan waɗannan mintoci. Saboda haka motar asibitin da ba ta ɗauke da su, ba ta kuma ɗauke da wanda ya san aiki da su, jiniya kawai ta fi motar haya da ita.

Dalilin da ya sa jiki ba ya jira

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jini ya daina kai mata wannan iska, ƙwayoyinta kan fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6. Haka kuma jinin da ke jikin baligi kimanin lita 5 ne, idan ya rasa lita 2 rayuwarsa ta shiga haɗari. Mace mai tsohon ciki kuwa, fiye da rabin lita na jini ke ratsa mahaifarta a kowane minti, don haka mai karatu zai iya lissafa wa kansa abin da zai faru idan mahaifar ta ƙi tsukewa bayan haihuwa.

Irin wannan lissafi ne ya sa wani likitan zuciya mai suna Frank Pantridge, a birnin Belfast na Ailan ta Arewa, ya fito da wata dabara a 1966. Ya lura cewa da yawa daga masu mutuwa da ciwon zuciya suna cikawa ne tun kafin a kai su asibiti. Sai ya sa likita da nas da magunguna da na'urar girgiza zuciya da lantarki a cikin mota, suka riƙa zuwa inda majiyyaci yake. Ba da daɗewa ba wasu biranen Amurka suka horar da 'yan kwana-kwana suna yin wannan aiki, likita na ba su umarni ta rediyo. Nan ne ɗaya daga cikin tushen aikin ma'aikatan agajin gaggawa na yau.

Abin da ke cikin jakar

Na farko shi ne adiranalin. Jiki da kansa yana samar da shi daga wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, shi ne ke sa zuciya dukan uku-uku idan mutum ya firgita. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Jokichi Takamine, ya tace shi a 1901. Akwai mutanen da harbin ƙudan zuma, ko cin gyaɗa, ko allurar fenisilin kan jawo musu mummunan borin jini: jijiyoyi su saki, maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Rabin miligiram na adiranalin a tsokar cinyar baligi kan tsuke jijiyoyin, ya buɗe hanyoyin iska cikin 'yan mintoci.

Na biyu shi ne gulukos, wato sukarin da ƙwaƙwalwa ke rayuwa a kansa. Mai ciwon sukarin da ya yi allurar insulin bai ci abinci ba yana iya rikicewa ya suma. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gano matsalar, kuma da zarar an ɗura masa gulukos ta jijiya yakan farfaɗo tun mota ba ta tashi ba. Akwai kuma salbutamol da ake shaƙa wa mai asma don tsokar da ta shaƙe hanyoyin huhu ta saki, da midazolam ko diyazefam da ake ba wanda jijjiga ta wuce masa minti 5 ba ta lafa ba. Hatta asfirin da kowa ya raina yana cikin jakar. Wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar zuciya akan ba shi miligiram 300 ya tauna, domin ya hana gudan ƙara girma. Wani bincike da aka buga a 1988 a kan majiyyata fiye da 17,000 ya nuna asfirin ya rage mutuwar irin waɗannan mutane da kimanin kashi 23 cikin 100.

Maganin da ya fi bayyana darajar lokaci shi ne tiranezamik asid, wanda wasu ma'aurata masana a Japan, Shosuke da Utako Okamoto, suka gano a 1962. Idan mutum ya ji rauni, jiki kan saƙa wata raga mai laushi a bakin raunin don jini ya daskare, amma kuma akwai wani sinadari a jinin da ke warware ragar. Wannan magani shi ke riƙe hannun mai warwarewar. A 2010 an buga sakamakon gwajinsa a kan mutum fiye da 20,000 da suka ji munanan raunuka a ƙasashe 40, a 2017 kuma a kan mata fiye da 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa a ƙasashe 21, ciki har da Nijeriya. Matan da aka yi wa allurar cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta zubar jini ta ragu a cikinsu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Da masana suka haɗa sakamakon gwaje-gwajen biyu, sai suka ga kowane jinkiri na minti 15 yana zaftare kashi 10 cikin 100 na amfanin maganin, bayan awa 3 kuma ba ya wani amfani. Ashe ke nan maganin da ke kulle a kantar asibiti, alhali majiyyaci na bisa hanya, amfaninsa na zurarewa tare da jinin majiyyacin.

Abin da masu ja ke cewa

Wasu za su ce ba daidai ba ne a damƙa irin waɗannan magunguna a hannun wanda ba likita ba, musamman a ƙasar da masu allurar bayan fage suka nakasa yara da dama. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Adiranalin da ake yi a tsoka ya ninka wanda ake yi ta jijiya ƙarfi sau 10, musanya su kuwa na iya kashe mutum. Asfirin kan ƙara zubar jini ga wanda jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, diyazefam kuma kan danne numfashi. To amma abin da wannan ke nunawa shi ne wajibcin horo. A ƙasashen da tsarin ya zauna, ma'aikacin agajin gaggawa kan yi karatu ya ci jarrabawa, yana aiki da rubutacciyar ƙa'ida da likitoci suka sa wa hannu, yana kuma rubuta sunan kowane magani da awonsa da lokacin da ya bayar. Hana shi magani don gudun kuskure daidai yake da barin majiyyaci ya yi tafiyar awa biyu ba tare da komai ba.

Ajiya ma wani ilimi ne. Oksitosin, wanda ke tsuke mahaifa bayan haihuwa, yana buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Idan aka bar shi a motar da ke shan ranar bazara, ƙarfinsa kan yi ta raguwa alhali kwalbar na nan kamar sabuwa. Inda babu akwatin sanyi, ƙwayar misofurostol ce ke tsaya masa.

Kada kuma a ɗauka magani na iya yin komai. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji a Ingila da Wales a kan mutum kimanin 8,000 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti. Adiranalin ya ɗaga yawan waɗanda suka kai kwana 30 a raye daga kashi 2.4 zuwa 3.2 cikin 100, amma bai ƙara yawan waɗanda suka tsira da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba yadda za a kafa hujja da shi. Abin da ya fi ceton irin wannan majiyyaci shi ne a fara danna ƙirjinsa nan take, wannan kuwa aikin wanda ke kusa ne.

Abin da ya rage

A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, akwai kuma lambar 112 da ake kira kyauta. Wannan mataki ne mai kyau, amma bai kamata a auna nasararsa da yawan motocin da aka jera aka yanke musu kyalle ba. A tambayi abin da ke cikin jakar kowace mota, da ranar da zai lalace, da takardar shaidar wanda ke riƙe da ita. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan waɗannan magunguna tsofaffi ne masu araha, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin motar.

Malamin ilimin halittu kuma yana da nasa rabon. Ranar da ya koyar da zagayawar jini, ya dace ya nuna wa ɗalibai yadda ake danne rauni da ƙyalle mai tsabta, da yadda ake kwantar da wanda ya suma yana numfashi a kan gefensa. Ya gargaɗe su kada su ɗura wa sumamme ruwa ko madara ko manja, kada su cusa cokali a bakin mai farfaɗiya. Ya kuma koya musu duba agogo, domin ɗalibin da ya iya gaya wa ma'aikacin agaji daidai lokacin da jini ya fara zuba, ya ba shi abin da zai yanke hukuncin allura da shi.