Laifin Daji Da Laifin Gari

Ƙasar Batsari da ƙasar Safana suna yammacin Jihar Katsina, iyakarsu ɗaya, kuma dukansu biyu sun jingina da Dajin Rugu, wanda ya miƙa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Sarkin Ruma shi ke riƙon Batsari, Yariman Katsina kuwa shi ke riƙon Safana. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, amma shekarun nan da wuya a ji an ambaci sunanta sai cikin labarin tashin hankali. Cikin watan Mayu na 1999 da ashirin, watau 2019, 'yan bindiga suka kashe manoma 18 a 'Yar Gamji, har mutane suka fusata suka ɗauko gawawwakin suka kawo birnin Katsina don manya su gani da idonsu. Cikin Fabrairu na 2020 aka faɗa wa Tsauwa da Dankar, aka hallaka mutum wajen 30. Ƙauyuka suka watse, har ta kai makarantar firamare a cikin garin Batsari ta zama masaukin masu gudun hijira.

Wannan duka gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma fa akwai wata ɓarna a ƙasashen nan biyu wadda ba daga daji ta fito ba, ba ta kuwa ɗauke da bindiga. Cikin gari ta ke, da rana tsaka a ke yinta, waɗanda a ke yi wa ita kuwa ba su da bakin kai ƙara, gama 'yan shekara huɗu ne da biyar. Watau ƙananan yaran nan da a ke tarawa a ajin share fage, wanda waɗansu ke kira nazare, kafin su shiga aji ɗaya. Tsoron daji ya zama mayafi, ko wane mai sakaci ya samu abin lulluɓa. Malami ya ƙi zuwa, a ce daji. Rijiyar makaranta ba murfi, a ce daji. Yaro ya shekara bai san baƙi ko ɗaya ba, nan ma a ce daji. To, daji na da nasa laifin, mai yawa kuwa, amma ba daidai ba ne a aza masa har da na gari.

Shi wannan aji ba don a rage wa mata hayaniya a gida aka ƙago shi ba. Wani malami Bajamushe, sunansa Froebel, shi ya raɗa wa irin wannan makaranta suna cikin 1840, ya kira ta lambun yara, don a ganinsa yaro kamar shuka ya ke, mai reno kuwa kamar mai ban ruwa. A Nijeriya, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin abin da hukuma za ta kula da shi, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi a kan ilmin farko. Tsarin ilmin ƙasa da aka sabunta cikin 2013 ya ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ya ce kada yara su wuce 25 a hannun malami guda. Mafi ƙarancin takardar da a ke so mai koyarwa ya riƙe kuwa ita ce ta NCE. A takarda dai ba abin da ya rage. Sai a shiga ajin a gani.

Al'adar da ta zauna a makarantu da yawa ita ce, idan shugaban makaranta ya zo rabon azuzuwa, sai ya ba manyan azuzuwa malaman da ya ke ji da su, sa'an nan wanda ya rage, ko wanda ya gaza, ko 'yar sa kai da ba a biyanta ko anini, a tura ta wurin ƙanana. Hujjarsa wai ai wasa kawai su ke yi, ba jarrabawa za su ɗauka ba. Wannan kuwa shi ne gini a juye. Wane magini ne ya kan ba almajirinsa aikin tushe, shi kuma ya tsaya jiran zanko? Yaron aji shida in malaminsa ya kuskure yana iya duba littafi, ko ya tambayi wani. Ɗan shekara biyar ba shi da littafi sai bakin malaminsa. In an koya masa riƙon alli a karkace, haka zai tafi da shi. In an tsorata shi da bulala ran farko, ya tsani makaranta ke nan, uwarsa ta yi ta fama da shi ko wace safiya.

Abin da a ke kira karatu a irin wannan aji kuwa, galibi ihu ne. Malama ta faɗi kalmar Turanci, yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi, ta sake, su sake, har a tashi. Uba ya wuce ta bayan taga ya ji amo, ya ce lalle ana aiki. Ran da za a ware yaro guda a nuna masa baƙi a allo a ce mene ne wannan, sai ya sunkuyar da kai. Ai ko aku ya iya wannan. Abin mamaki, gari ɗaya da wannan aji akwai makarantar allo, inda malam ba ya da albashi, ba ya da takardar kwaleji, amma ya san ko wane yaro da sunansa da sunan ubansa, ya san inda karatunsa ya tsaya, ba ya kuwa ƙara masa sai ya zo ya biya shi kaɗai ya ji ya riƙe. Wannan hanya ta sauraron yaro ɗai-ɗai ba daga ƙasar waje za a yi odarta ba, tana nan a zaure. Ajin ƙanana yana bukatar waƙa da tatsuniya da ƙirga da tsakuwa da zane a ƙasa, da mai haƙurin da zai tsuguna ya ji abin da yaro ke faɗi. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da 'yan bindiga suka sace.

Masu kare malamai za su ce, wanda ya yi karatu a Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma, ko Kwalejin Tarayya ta Katsina, ba zai yarda ya kai ransa ƙauyen bakin daji ba. Maganarsu tana kan hanya. Ba a tilasta wa mutum ya tafi inda a ke sace mutane don neman fansa, kuma duk malamin da ya tsaya a ƙauyensa cikin shekarun nan ya cancanci a jinjina masa, a kuma fifita shi wajen ƙarin girma. Amma mutum biyu ne. Akwai wanda tsoro ya kora, akwai kuma wanda makarantarsa ke tsakiyar garin Batsari ko Safana ko Runka, hanya lafiya, kasuwa na ci, shi ma yana cin kasuwar, amma aji bai gan shi ba, wata ya ƙare ya karɓi albashi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Haɗa waɗannan biyu a kira su suna ɗaya zalunci ne ga na farkon.

Nan ne maganar shugabanci ta shigo. Makaranta kamar gida ce, halin maigida shi ke bin iyali. Shugaban da ya ke isowa bayan an daɗe da kaɗa ƙararrawa, da wane baki zai tsawata wa wanda ya makara? Akwai shugaban da zai yi zango guda bai leƙa ajin ƙanana ba, sai ran da aka ce baƙo na zuwa daga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, sa'an nan a share daɓe, a aro tabarmi, a jera yara. Baƙon shi ma ya tsaya ofis, ya sa hannu a littafi, ya sha ruwa ya koma. Takarda ta tafi sama tana cewa kome lafiya.

An kuwa yi tanadin maganin wannan. Tun wajen 2006 aka tsara cewa ko wace makaranta ta kasance da kwamitin gudanarwa na mutanen gari, da mai gari a ciki, da iyaye maza da mata, da shugaban makaranta. Aikinsu su sa ido. To, ina kwamitin? Wurare da yawa sunaye ne a takarda, ba a taruwa sai in an ji ƙishin-ƙishin kuɗin gyara sun sauka. Dagatai da masu unguwanni sun san ko gonar wa aka yi wa ɓarna, sun san ko wa ya yi baƙo, amma a tambaye su yara nawa ke ajin share fage na garinsu, sai kame-kame.

Sa'an nan babbar magana, watau tsaron ran yaran. Daren Jumma'a, 11 ga Disamba 2020, aka kwashe 'yan makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a kudu da ƙasar Safana, bayan kwana shida aka sako 344. Kada wani ya ce ai waɗannan manya ne, 'yan makarantar kwana. Ranar 30 ga Mayu 2021, da rana, aka shiga wata makarantar Islamiyya a Tegina ta Jihar Neja aka kora yara fiye da ɗari, har da 'yan ƙanana ƙwarai. Waɗanda suka kasa tafiya don ƙanƙanta aka yar da su a hanya, sauran suka yi wajen wata uku a daji, waɗansu kuwa can suka rasu. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta kare makarantu cikin 2015, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja cikin 2021. Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan gari cikin Oktoba 2023, cikin 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan daji a Batsari da Jibiya da Safana. Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Sai dai ko wane baligi a ƙasar nan ya tuna an yi irin wannan sulhu cikin 2019, bai kuwa yi ƙarko ba. Wanda maciji ya taɓa sara ba ya kwance ƙafa cikin ciyawa don an ce masa macijin ya tuba.

Soja da bindiga na gwamnati ne, ba mai neman shugaban makaranta ya tare mahara da alli. Amma akwai abin da ke hannunsa. Yaron sakandare in ya ji harbi ya san gudu, ya san ɓuya. Ɗan shekara huɗu tsayawa zai yi yana kuka. Sabo da haka tilas tun ana zaune lafiya a san, in labari ya zo, wa zai ɗauki su wa, ta wace ƙofa za a fita, gidan wa za a shiga, wa zai kira 'yan sanda da mai gari. A gwada shi kuma da yaran kamar wasa, har ƙafarsu ta san hanya. In wayar hannu kaɗai aka dogara da ita, to, a tuna cikin Satumba 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba a kira. Littafin kiran suna kuwa, wanda a ke rainawa, shi ne kayan tsaro na fari. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara an kwana ana gardamar yawan yaran da aka ɗauka. Makarantar da ba ta kira suna da safe ba, in abu ya auku da hantsi, da me za ta gaya wa uwa ko ɗanta yana ciki ko ba ya ciki?

Har wa yau, ba bindiga kaɗai ke cin yaro ba. Rijiya ba murfi, ramin salga da ya zurma, katangar ƙasa da damina ta jiƙa, kwanon rufi da iska ta ɓamɓaro yana reto, randar ruwa ɗaya da moɗa ɗaya lokacin amai da gudawa, babura na gilmawa a ƙofar makaranta sa'ad da aka tashi, da sakin yaro ga ko wane ne ya zo ya ce an aiko shi. Murfin rijiya nawa ya ke? Bai kai kuɗin goron buki guda ba. In yaro ya faɗa, sai a taru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, ba Musulmin da ke jayayya da ita, amma ba malamin da ya taɓa karantar da cewa ta ɗauke wa mai amana alhakin amanarsa.

Saura su iyaye, musamman waɗanda suka zauna ajin yaƙi da jahilci da gemunsu, ko da goyo a baya, suka koyi karatu da girma. Su ne suka fi kowa sanin wuyar fara abu bayan lokacinsa ya wuce, su ne kuma ba za a ruɗa da amon aji ba, tun da sun san bambancin mai karantawa da mai maimaitawa. Wanda ya iya karanta wannan takarda ya iya karanta littafin kiran suna. Ba ya bukatar izni daga Katsina kafin ya je makarantar garinsu ran Litinin da safe, ya yi sallama, ya tambayi wa ke riƙe da ajin ƙanana, yara nawa aka rubuta, nawa suka zo yau, yaushe kwamiti ya zauna, ina kuma za a kai yaran in an ji harbi. In an amsa masa, ya yi godiya ya sa albarka. In an yi masa hanya-hanya, ya nemi mutum uku ko huɗu irinsa su tafi wurin mai gari, in abin ya faskara su rubuta takarda da hannunsu zuwa ga Hakimi da sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, su sa kwanan wata, su ajiye kwafi ɗaya a wurinsu.