Ruwan randa da koko tsararo: laifin da ke wuyanmu mu maza

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Tun da ƙungiyar likitocin MSF ta sanar a watan Yulin 2025 cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida saboda tamowa, kowa ya ɗauko wanda zai ɗora wa laifi. Wasu suka ce gwamnati, wasu suka ce 'yan bindigar da suka hana noma, wasu suka ce tsadar rayuwa da janye tallafin da Amurka da ƙasashen Turai suka yi. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma akwai wani kaso na laifin da ke cikin gidajenmu, kuma shi ne ba mu son taɓawa.

A bazarar da ta wuce na je gida Fakuwa. Matar ƙanena na goyon yaro ɗan wata biyu. Da azahar, rana na dukan ƙwaƙwalwa, sai na tarar da Inna ta ɗora shi a cinya tana ɗura masa ruwan randa da cokali. Na durƙusa na ce, "Inna, ku yi haƙuri, ma'aikatan lafiya sun ce kada a ba jariri ruwa sai ya cika wata shida." Ta dube ni ta ce, "Kai da wa ya rene ka? Da ruwan nan na rene ku duka. A wannan zafin za ka ce a bar ɗan mutum da ƙishi?"

Na yi shiru. Inna ta haifi goma sha ɗaya, mu shida muka rayu. Ba zan iya buɗe baki in faɗa mata haka ba, kuma ba na cewa ruwa ne ya kashe sauran, rai na Allah ne. Amma kalmar "haka muka rene ku" mu da muka tsira kaɗai take ƙirgawa. Bayan sati biyu yaron ya kama gudawa, sai da aka kwana uku da shi a asibiti. Alhamdulillahi ya tashi.

Inna ba mugunta take yi ba, tausayi ne. Abin da ba a taɓa zama aka yi mata bayani ba shi ne, nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma ruwa mai tsabta da babu rijiyar da ke da irinsa. Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai. Duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, yaro ya rage tsotso, nonon uwar ma ya ragu, domin tsotso ne ke kawo shi. Ga kuma ƙwayoyin cutar da ruwan ke shigowa da su. Daga gudawa sai rama, daga rama sai tamowa. Idan ana zafi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta yawaita ba shi nono.

Haka batun dakashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa. Har yau a wasu gidaje ana matse shi a zubar wai datti ne, a riƙa ba jariri ruwan rubutu ko zuma kafin "nono mai kyau" ya zo. Alhali dakashin nan shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar masa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Zuma kuwa, duk albarkar da ke cikinta, likitoci sun hana a ba wanda bai cika shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa da ita tukuna. A Najeriya gaba ɗaya, kusan jariri ɗaya ne cikin uku ke samun nono zalla a watanni shidan farko.

Rami na biyu yana bayan wata shida. A lokacin nono kaɗai ya daina isar yaro, sai mu haɗa shi da koko tsararo da sukari, safe da yamma. Cikinsa ya cika, jikinsa bai samu komai ba. Ni kaina, da digirina, haka aka yi wa ɗiyata ta fari a gabana, ina ganin ai harkar mata ce. Sai da wata ma'aikaciyar awo ta tsare ni ta ce, "Malam, kunun da ke zuba daga cokali kamar ruwa ba abinci ba ne." Wallahi na ji kunya.

Abin da ake so ba kayan kanti ba ne. Kunu mai kauri wanda zai tsaya a cokali, na gero ko dawa, a haɗa da garin gyaɗa ko waken suya da aka soya aka niƙa. A sa ɗan manja ko man gyaɗa. Dafaffen ƙwai, faten wake, garin busasshen kifi, kabewa, garin zogale, mangwaro a lokacinsa. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, kuma nono na ci gaba. Shekara biyun da masana ke faɗa, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta riga su, kuma ayar nan ce ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a wuyan uba.

To a nan nake son mu maza mu tsaya mu dubi kanmu. Wa ke ɗaure buhun wake da gyaɗa ya kai kasuwar Kankia ko Charanchi tun da kaka, bai ware ko tiya biyar don yaro ba? Wa ke tsayawa wurin mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ɗansa ɗan wata takwas bai taɓa ɗanɗana ƙwai ba? Muna iya cin bashi mu sayi ragon suna, amma bayan arba'in mai jego ta koma tuwo da miyar kuka ba ko nama. Kuma yarinyar da aka kawo gidan miji ba ta isa ta ce wa surukarta a'a ba. Ɗanta ne kaɗai zai iya, cikin ladabi.

Na san wani zai ce, "Kai mai albashi ne, akwai gidan da ko geron babu." Gaskiya ne, kuma wannan haƙƙi ne a kan hukuma, ba zan daina faɗa ba: a samar da tsaro, a wadata asibitocin karkara da abincin maganin tamowa, a hukunta masu karkatar da shi kasuwa. Amma hana jariri ruwa ba ya cin ko sisi. Dakashi kyauta ne. Kuma na sha ganin yaro da tamowa a gidan da rumbu ke cike.

Yadda muka ƙare da Inna: ban sake yi mata musu ba. Na roƙi wata 'yar uwarmu ma'aikaciyar lafiya ta zo ta zauna da ita, mace da mace. Yanzu Inna ce ke tsare mai jego da kwanon kunu tana cewa ta sha don yaro ya samu.

Idan akwai jariri a gidanka, yau ka tambaya me ya ci. Malamanmu kuma don Allah a sa wannan a huɗuba da wa'azin suna.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.