Majinyacin da ba ya motsi, ko yana jin abin da muke faɗa?

A watan Agusta na shekarar 2024 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga sakamakon wani bincike da ya kamata duk mai jinyar ɗan uwa ya ji labarinsa. Cibiyoyi 6 na Amurka, Ingila, Faransa da Beljiyam suka gwada majinyata 241 da suka sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, waɗanda ko an ce musu su matse hannu ba sa motsawa. Da aka haɗa su da na'ura, sai aka tarar 60 daga cikinsu, wato mutum 1 cikin 4, ƙwaƙwalwarsu tana bin umurnin da aka ba su. Ƙofar shago a rufe take, amma mai shagon yana ciki.

To yaya ake ganewa? Ana sa wa majinyaci hula mai wayoyi, irin wadda ake gwada masu farfaɗiya da ita, ko kuma a shigar da shi na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa mai aiki da maganaɗisu. Sai a ce masa ya ɗauka a ransa yana buɗe hannu yana rufewa, can kuma a ce ya dakata. Kwamfuta ce ke duba ko aikin ƙwaƙwalwar yana canzawa daidai da umurnin.

Abin ya samo asali tun shekarar 2006, lokacin da masani Adrian Owen na Kambirij ya gwada wata budurwa mai shekara 23 da ta yi hatsarin mota. Aka ce ta ɗauka tana wasan tanis, sannan ta ɗauka tana zagaya ɗakunan gidansu, sai ƙwaƙwalwarta ta yi aiki kamar ta mai lafiya. A 2010 masanan Kambirij da na Liyaj a Beljiyam suka mai da dabarar hanyar zance: tunanin tanis amsa ɗaya, tunanin gida ɗaya amsar. Wani mutum da ya shekara 5 kwance ya amsa tambaya 5 cikin 6 daidai, har da ta sunan mahaifinsa.

Sai dai kada mu ɗauka an ƙera wayar salula ta yin hira da masu dogon suma. A cikin majinyata 54 na gwajin 2010, biyar ne kawai na'urar ta ga alamarsu. Abin da ya fi ɗaure mana kai ma yana cikin binciken 2024: a cikin mutane 112 da ake ganin suna bin umurni da ido, kashi 38 cikin 100 ne kawai na'urar ta shaida. Ke nan idan ta ce akwai mutum a ciki, magana ce mai nauyi, amma shirunta ba hujja ba ce. Duk wanda ya dogara da wannan shiru ya ce a daina magani, ya yanke hukunci da ma'aunin da ba ya cika. Ga kuma ruɗin zuciya. A 2009 duniya ta ɗauka da labarin wani ɗan Beljiyam da aka ce yana rubutu bayan shekara 23, alhali wata mai taimako ce ke riƙe da hannunsa. Da aka gwada a 2010, sai ta bayyana saƙonnin ba nasa ba ne.

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne hasashen warkewa. A 2019 likitocin jami'ar Kolombiya a Niyok sun gwada majinyata 104, 16 suka nuna alamar. Bayan shekara guda, kashi 44 cikin 100 na waɗannan sun kai ga iya zama su kaɗai na wasu awoyi, a sauran kuwa kashi 14 ne.

Hular ta fi babbar na'urar arha nesa ba kusa ba, kuma har bakin gado ake kawo ta, amma fassara abin da ta rubuta sai ƙwararru. Kafin su wadatu, akwai abin da ba ya cin ko dala. Mu da muke ganin yadda ake faɗuwa daga kabu-kabu babu kasko, mun san abin da ke biyo baya. Dangi su kewaye gado, wannan ya ce ai numfashi ne kawai ya rage, wancan ya tayar da zancen bashi, wata ta tambayi wa zai karɓi rumfa da kwasar adashe. A ganinmu irin wannan zance wajen ɗaki ya dace da shi. A kira majinyaci da sunansa, a gaya masa kafin a juya shi, a kuma tambayi likita batun maganin rage zafi, domin wanda ba ya iya ihu ba lalle ne ba ya jin ciwo ba. Wannan tambaya ce ma Owen ya yi wa wani ɗan Kanada a 2012, bayan shekara 12 da hatsarinsa: kana jin ciwo? Ta cikin na'urar ya amsa da a'a.