Kafin ku hau jirgin ruwan yawon buɗe ido, ku duba jakar magani

Yanzu iyalai daga cikinmu sun fara zuwa hutu a manyan jiragen ruwan nan da ke tashi daga Dubai ko Basalona, ana kwana ana tashi a teku, ana yada zango gari-gari. Hutu ne mai daɗi, amma fa a tsakiyar teku babu kemis ɗin bakin layi. Akwai ɗakin likita a jirgin, sai dai da kuɗi ake ganinsa, kuma da tsada.

Don haka mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da rarar mako guda. Ku sa shi a jakar hannu, domin manyan akwatuna ana karɓarsu tun a tasha, ba sa isowa ɗaki sai bayan sa'o'i. Mai allurar insulin ya tambayi ma'aikata inda zai ajiye ta, ƙaramin firjin ɗaki ba koyaushe yake sanyi yadda ya kamata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tramadol da kodin. Kowace tasha kuka sauka, dokar ƙasar ce ke aiki a kanku. A 2017 kotu a Masar ta yanke wa wata 'yar Ingila ɗaurin shekara 3 saboda tramadol da aka samu a akwatinta. Hadaddiyar Daular Larabawa ma tana da tsauri, akwai magungunan da ake neman izininsu kafin a shiga da su. Ku bar kowane magani a kwalinsa, haɗe da takardar likita. Wannan ɗabi'a tamu ta zuba ƙwayoyi iri-iri a leda ɗaya, a bar ta a gida. Saƙon magani kuwa, ko na ɗan uwa ne, kada ku karɓa.

Mai jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa. Stugeron ana shansa awa 2 kafin tashi, kuma yana sa barci. Mai juna biyu da yara ƙanana kada su sha sai an tambayi likita.

Gudawa da amai na yaɗuwa da sauri a jirgi, kuma ƙwayar norobairos ba ta cika jin sanitaiza ba. Sabulu da ruwa kafin a taɓa abinci. A tafi da ORS saboda yara.

Ranar sauka gari, ku ɗauki maganin yinin, ku saita agogo da lokacin jirgi, domin idan kun makara yana iya tafiya ya bar ku, sauran maganinku na ciki. In kuma zazzaɓi ya kama wani, ku gaya wa likitan jirgi cewa daga Najeriya kuke, ya yi gwajin maleriya tun da wuri.