Garau-garau Ba Abin Kunya Ba Ne



Akwai wani salo da ya zama ruwan dare a littattafan hikaya na zamani. Da zarar jaruma ta shiga kicin, sai a ɗora mata soyayyiyar shinkafa da farfesun kaza da lemon kwali. In kuwa ana son nuna gida ya shiga halin ni-'yasu, sai a ajiye musu garau-garau a kwanon roba, yara na ci suna matsar hawaye. Mai karatu, musamman amaryar da ke koyon riƙon gida, sai ta ɗauka shinkafa da wake abincin wanda ya rasa ne. Mu a ganinmu wannan saƙo yana cutarwa, balle yanzu da kuɗin cefane ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a 2023.

Mu fara da abin da ke cikin tukunyar. Furotin ɗin shinkafa yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa. Shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda shinkafa ke cike masa. Idan suka haɗu, jiki na samun abin gina shi ko da babu nama a miya. Wake kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, yana daɗewa a ciki, kuma ba ya barin sukari ya hau da sauri kamar yadda farar shinkafa zalla ke yi. Ga shi kuma a ƙofar gidanmu: Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan wake, Nijar na biye mata. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau a Kano lokacin kaka ya ga shaida.

Sai dai iya girki shi ne ke raba garau-garau mai rai da na dole. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan da safe. Zai nuna da wuri, gawayi ko gas ya yi auki, kumburin ciki ya ragu. A rage kanwa, domin yawanta yana lalata bitamin B1. Maimakon gwangwani uku na shinkafa da ɗaya na wake, a kusantar da su, biyu da biyu ma ba laifi. Mai da yaji su kaɗai ba su isa ba. A yanka tumatir da albasa da latas ko kabeji, ko a zuba dafaffen zogale, a matsa lemon tsami, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗebi ƙarfen da ke cikin wake. Shayi kuwa yana hana hakan, don haka a jinkirta shi bayan cin abinci. Wajen saye kuma a guji waken da ke warin magani. Saboda ragowar maganin ƙwari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015.

Mu dubi 'yan uwanmu na Gana. Abincin nan da suke kira waakye daga kalmar wake ya samo sunansa. Suna dafa shi da karan dafi ya yi ja, su haɗa da ƙwai da taliya da garin rogo, kuma ma'aikaci da ɗan kasuwa suna bin layi su saya ba tare da jin kunya ba. Abin da muka raina, wasu sun mayar da shi abin alfahari.

Saboda haka muna kira ga masu alƙalami: a bar jaruma ta jiƙa wake tun dare, ta yi lissafin mudu, ta ciyar da mutum takwas da ɗan abin da maigida ya bari, kowa ya tashi da ƙoshi da fara'a. Wannan ma jarumta ce, kuma ita ce rayuwar mafi yawan masu karanta mu. Wata ƙila shafi ɗaya irin wannan ya gyara tukunyar wani gida.

Allah ya yi wa abincinmu albarka, ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma.